Tsohuwar katangar tsaro da ta hana mu sabunta sabar makaranta

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ina fatan kana lafiya da iyali da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan bani fili, na san maganar da na zo da ita ba irin wadda aka saba gani a shafin wasiƙu bace, amma wallahi ta daɗe tana cina a rai. Kullum in aka zo maganar fasaha a jaridunmu sai kaga waya ce da tsadar data da 'yan damfarar intanet, ba mai waiwayar waɗannan injinan da ke ajiye a ɗan ƙaramin ɗaki a makarantu da asibitoci da ofisoshinmu, waɗanda muke cewa saba, alhali a cikinsu sunayen 'ya'yanmu suke da sakamakon jarrabawarsu da lambobin wayar iyayensu da lissafin kuɗin da kowa ya biya.

Ni sana'ata kenan kula da irin waɗannan injina. A hutun ƙarshen zangon da ya wuce wata makaranta mai zaman kanta a nan Kano ta kira ni, ba zan faɗi sunanta ba, suka ce wanda yake musu manhajar duba sakamako yace bazai ƙara taɓa komai ba sai an sabunta sabar. Naje na tarar da ita a wani ɗaki kusa da ofishin basa, wato mai kula da kuɗin makarantar, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta har fankar bayanta tana wani gurnani, batirin UPS ɗin ya kumbura, an ɗora kwalin tsofaffin rijistoci a kanta. Na tambayi wa ya haɗa ta, aka ce wani yaro ne mai ƙoƙari sosai, tun farkon 2017, daga baya ya samu aiki ya bar gari, lambarsa ma ta daina shiga. Nace ina takardar da ya bari, sai Malam Basa ya buɗe durowa ya ciro min wani guntun kati da aka rubuta fasawod da jan biro. Shikenan abin da makarantar ta mallaka game da injin da duk bayananta ke ciki.

CentOS 7 ce a kanta, samfurin 7.3, kuma da na duba tarihin yum, wato manhajar da ke sauko da kaya ta girka su, sai naga tun shekarar da aka girka ta ba'a ƙara mata faci ko ɗaya ba, wato gyaran da ake aikowa don toshe ɓaraka. Ga wanda bai sani ba, CentOS wani nau'in Linux ne na kyauta da aka gina daga na kamfanin Red Hat, shekaru da yawa shi ne abin da masu saba suka fi yarda dashi saboda baya fitina. Ta 7 ɗin ta fito a 2014, kuma ranar 30 ga Yunin 2024 aka daina kula da ita kwata-kwata, ma'ana duk wata ɓaraka da aka gano bayan wannan rana ba mai aiko maka da gyaranta. Ita CentOS 8 ma tun ƙarshen 2021 aka yanke mata, wannan ne yasa AlmaLinux da Rocky Linux suka fito a 2021 don su cike gurbin. To kaga wannan saba tamu ta wuce wa'adinta da fiye da shekara ɗaya, kuma tana buɗe ga duniya tunda iyaye daga gida suke shiga duba sakamako.

Abin da yafi tsafta shi ne a samo wani injin a girka sabo a kwashe kaya a mayar, na faɗa musu haka, Hajiya mai makarantar tace ita a yanzu bata da kuɗin sabon inji, ga albashi ga dizal, kuma na fahimce ta don gaskiya ta faɗa. Sai muka tsaya a kan ɗaga ta a inda take zuwa AlmaLinux 8, ta hanyar abin da ake kira ELevate, wanda yake amfani da leapp, manhajar Red Hat ta ɗaga tsari daga tsohon samfuri zuwa sabo. Kafin in taɓa komai na kwashe kwafin databes ɗin da duk fayilolin a faifan ajiya na waje, kuma ban tsaya nan ba sai da na loda kwafin a laftof ɗina naga sunayen ɗalibai sun fito da makinsu, don kwafin da baka gwada ba baka san ko kana dashi ba.

Matakin farko sai ka kai CentOS ɗin zuwa 7.9 tukunna. Na riga na san tsohon adireshin da yum ke neman kaya ya mutu tun bayan ƙarewar wa'adin, don haka na juya shi zuwa vault.centos.org inda aka adana tsofaffin kayan, na buga umarni, shiru. Ya tsaya yana jira har lokaci ya ƙare. Na sake, haka. Kamar kowa ni ma netwok na fara zargi, na kashe rawuta na kunna, na canza waya, har na sa aka ɗauko wani layin daban, abu ɗaya. Amma laftof ɗina da ke kan wannan rawutar tana buɗe adireshin nan take ba ko gardama, ita kuma sabar tana gane sunan wurin, tana samo lambarsa, fita ne kawai bata iya yi. Nan na gane cewa matsalar a cikin gida take.

Na tambayi firewalld, wato katangar tsaron da CentOS 7 ke zuwa da ita, ta nuna min a kashe take, an ma toshe ta yadda bazata tashi ba. Na bincika jerin duk manhajojin da rpm ya sani, wato rijistar abin da aka girka ta hanyar da aka saba, babu wani fayawol, wato katangar tsaro, na daban a ciki. In da a nan na tsaya sai in rantse cewa sabar nan bata da katanga ko kaɗan. Sai da na buga iptables -L -n, umarnin da ke nuna dokokin tace zirga-zirgar da ke aiki a injin, Malam Edita sai ga dokoki suna ta zubowa a sikirin layi bayan layi har sai da na riƙa tsayar dashi ina karantawa kaɗan-kaɗan. Wani abu ne ke zuba su, kuma tsarin bai san da zamansa ba. Na bi sawu har na iske folda mai suna /etc/apf. APF ce, wata tsohuwar katanga da masu sabar yanar gizo suka yi yayi sosai a shekarun baya, ita ba ta yum ake girka ta ba, dunƙulen fayil ake saukewa a kwance shi a buga install.sh, ta watsa kayanta wurare daban-daban, shi yasa rpm bai da labarinta. A cikin conf.apf naga an kunna EGF, wato tace abin da ke fita, kuma a jerin ƙofofin da aka yarda a fita ta cikinsu, waɗanda kowacce lamba gare ta, an goge 80 da 443, su ne kuwa ƙofofin da ake sauke komai ta cikinsu.

Ina so in yi wa yaron nan adalci. Abin da yayi tunani ne mai kyau, nufinsa ko ɓarawo ya samu shiga kada ya iya jawo kayan aikinsa daga waje ko ya fitar da bayanai cikin sauƙi, kuma ina kyautata zaton wannan ƙullin na cikin abin da ya rufa wa makarantar asiri duk shekarun nan da ba faci. Ita ma manhajar ba laifinta, abin da aka sa ta take yi. Inda aka samu matsala shi ne ya ƙulla ya tafi bai gaya wa kowa ba, bai rubuta ko layi ɗaya ba, kuma wannan ƙullin da ya hana ɓarawo fita shi ya hana faci shigowa tun 2017.

Wani zai ce ai sai ka buɗe 443 ɗin kawai ka wuce, me ya kai ka cirewa. Nayi wannan tunanin. Amma daga AlmaLinux 8 tsarin tace zirga-zirga ya koma kan nftables, magajin iptables, firewalld ma a kansa take tafiya, shi kuma leapp abin da aka girka ta rpm ya sani, shi zai duba ya canza ko ya gargaɗe ka a kansa, wanda aka shigo dashi ta bayan gida haka zai tsallake shi ya bar maka. Ni kuma bazan yarda in tashi sabon tsari da tsohon maigadin da ba wanda ya san dashi yana tsaye a ƙofa ɗaya da sabon maigadi ba, wannan ya buɗe wancan ya rufe, ranar da abu ya lalace baka san wa zaka tambaya ba. Gara a cire ta gaba ɗaya, tunda kuma da hannu aka shuka ta, ba wani yum remove da zai yi maka aikin, da hannu zaka bi ka tono.

A nan nayi kuskure biyu kuma zan faɗe su don kada wani ya maimaita. Daren farko daga gida nake aiki ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa, na buga apf -f dokokin suka zube, yum ya kama aiki, kaya suka fara sauka a hankali saboda layin makarantar ba ƙarfi, nace bari in barshi ya kwana yana yi. Da asuba na duba naga ya yanke a tsakiya. Ashe akwai wani ɗan fayil a cikin cron.daily, foldar ayyukan da injin ke yi da kansa kowace rana, da yake sake tayar da katangar kullum, kuma a CentOS 7 ayyukan kullum ɗin nan bayan ƙarfe uku na dare suke tashi, lokacinta nayi ta dawo da dokokinta ta datse hanyar. Allah ya taimaka a matakin saukewa ne, ba'a fara girkawa ba, da a tsakiyar girka kaya wani abu ya katse da labarin ya canza.

Na biyun yafi ciwo. Cikin gaggawa da ɓacin rai, maimakon in bi ta hanyar da na bi jiya sai na buga iptables -F kai tsaye. Sikirin ya daskare. Abin da ban lura dashi ba shi ne yaron ya ƙara wani layi da hannunsa cikin fayilolin dokokin, wanda ya mayar da asalin hukuncin shigowa zuwa DROP, wato duk abin da ba'a ambata ba a jefar dashi. Shi kuwa -F dokoki kawai yake sharewa baya taɓa wannan asalin hukuncin, to na share dokar da ta bani izinin shiga, na bar hukuncin kora, na rufe kaina a waje, na rufe iyayen yara, na rufe kowa. Garin gyaran gira na tsokane ido. Ƙarfe shida da rabi na safe ina cikin adaidaita sahu cikin wannan sanyin, naje na tada Baba maigadi, shi kuma makullin ɗakin baya hannunsa sai da muka jira Malam Basa ya iso daga unguwarsu, muka ciro monita daga teburin sakatariya da wani kibod da harafi ɗaya ya fita sai ka danna da bakin biro, na durƙusa a ƙasa tsakanin kwalaye na shiga injin ta gabansa. Awa kusan huɗu shafin makarantar baya buɗuwa, kuma satin da aka saki sakamako ne, wayar Hajiya bata huta ba. Na bata haƙuri na gaya mata gaskiyar abin da nayi, ban laɓe bayan netwok ba.

Daga nan na ajiye gaggawa. Nace aikin nan a gaban injin za'a yi shi, da rana, da littafi a hannu. Na fara da zuwa kan rawuta na rufe hanyar da ke shigo da mutanen waje zuwa sabar, aka sanar da iyaye cewa shafin zai tsaya na kwana biyu, saboda akwai ɗan lokacin da injin zai zauna ba katanga ko ɗaya kuma ban yarda ya zauna haka a bainar duniya ko na minti goma ba, masu laluben ƙofofi a intanet ba mutane bane da ke barci, injina ne da ke zagaye dare da rana. Sannan na tayar da tsohuwar katangar sau ɗaya na ƙarshe na adana duk dokokinta da iptables-save, na buga ss -tlnp na rubuta duk ƙofar da wani abu ke saurare a bayanta. A nan naga databes ɗin yana saurare a 3306 ta kowace fuska, ba abin da ya tsare shi sai wannan katangar da nake shirin cirewa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don da na cire na tafi kamar yadda wasu keyi da na bar taskar makarantar a buɗe.

Na buɗe allow_hosts.rules, fayil ɗin da ake rubuta waɗanda aka yarda su wuce ba bincike, na tarar da adireshi guda uku. Ɗaya na cikin makarantar ne, biyun ba wanda ya san na waye, wataƙila gidan yaron ne ko wani wurin da yake aiki a lokacin, kuma irin waɗannan lambobin kamfanonin sadarwa na sake raba su ga wasu, kenan shekara da shekaru akwai baƙin da katangar ke buɗe wa ƙofa ba tare da kowa ya sani ba. Ban kwafe su zuwa sabon tsarin ba.

Cirewar kanta sai da na fara da abin da ke tayar da ita kafin ita. Na bi cron.daily da cron.d da crontab na root, wato babban asusun mai iko da injin, ɗaya bayan ɗaya. A cron.d na samu abokiyar tafiyarta BFD, wadda take duba masu gwada fasawod duk bayan 'yan mintuna ta miƙa wa APF sunansu a toshe, in ka cire uwar ka bar wannan haka zata yi ta kiran abin da babu. Na cire su duka, na buga chkconfig --del apf don kada ta tashi in an kunna inji. Sai na mayar da asalin hukuncin INPUT da OUTPUT da FORWARD, wato shigowa da fita da ratsawa, zuwa ACCEPT, wato a bari ya wuce, tukunna, bayan nan na share dokokin, wannan jerin shi ne darasin da na biya da tafiyar asuba. Foldar /etc/apf da ta BFD ban goge su ba, na dunƙule su na ajiye a faifan waje sannan na matsar dasu gefe da wani suna, saboda in wani abu ya tsaya gobe ina so in iya komawa in ga me tsohon tsarin yake yi. Na cire fayil ɗin init.d da 'yan mahaɗan da ke /usr/local/sbin, na bi duk /etc da grep ina neman inda aka ambaci sunanta, na samu ragowa a logrotate da wani layi a rc.local. Na kashe injin na kunna, iptables fayau. Na sake kashewa na kunna, fayau. Na barshi ya kwana ya wuce ƙarfe ukun nan, da safe na duba bata dawo ba, sai a lokacin hankalina ya kwanta.

Akwai wani abu da nake roƙon abokan sana'a su riƙe da kyau, don shi baya ihu. A hosts.allow da hosts.deny yaron ya taƙaita masu shiga SSH, tsohon tsarin nan na TCP wrappers. Daga Red Hat 8 da duk 'ya'yanta, har da AlmaLinux 8, an cire wannan tsarin, fayilolin zasu iya zama a wurinsu da rubutunsu lafiya lau amma SSH baya karanta su, kai kana ganin ƙofa a kulle alhali kwaɗon hoto ne. Dole duk abin da ke ciki ka mayar dashi cikin sabuwar katanga. Haka nayi, na buɗe firewalld daga toshewar da aka yi mata na kunna ta, na bar http da https ga kowa, SSH kuwa daga cikin makaranta kawai, 3306 a rufe, na kuma gyara databes ɗin ya daina saurare sai daga cikin injin kansa.

Bayan wannan sauran aikin bai bada wahala sosai ba. Yum ya kai ta 7.9, leapp preupgrade ya fitar da rahotonsa a /var/log/leapp, ya tsayar dani a kan abubuwan da kusan kowa ke gamuwa dasu, tsohon direban pata_acpi da sai an sauke shi, tambayar pam_pkcs11 da sai ka amsa, da maganar shigar root ta SSH da yake so a rubuta ta a fili. Na gyara, na sa aka cika janareto da mai aka tayar dashi tun kafin a fara duk da akwai wutar NEPA a lokacin, don ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan matakin na iya barinka da injin da ba tsoho ba sabo, kuma UPS ɗin nan ba abin dogaro bane. Muka zauna ni da Malam Basa muna kallon rubutu na gudu a monita, yana ta tambayata Injiniya lafiya dai ko, ina ce masa mu dai yi ta addu'a Malam. Ta tashi da AlmaLinux 8. Manhajar sakamakon ce ta ƙi buɗuwa da farko saboda PHP, yaren da aka rubuta ta dashi, ya tashi daga 5.4 zuwa 7.2 kuma tsofaffin umarnin mysql da aka rubuta ta dasu an cire su tun PHP 7, amma wannan dama mai manhajar ya san da zuwansa, ya gyara nasa cikin kwana ɗaya.

To Malam Edita abin da yasa na ɗauko alƙalami ba don in bada labarin wahalata bane. Abin da nake gani a wurare ne yake tayar min da hankali. Sau nawa ina shiga ofis in tarar an kashe fayawol gaba ɗaya, an kashe SELinux, wani tsarin tsaro na cikin Linux, in na tambaya sai ace wai wani abu ne ya ƙi aiki shi ne mai gyara ya kashe, kuma tun daga ranar ba wanda ya kunna. Aikin minti biyar kenan, abu ya tashi, a biya ka, kowa na murna, amma ka bar bayanan mutane a titi. Ni na san matsin da ke sa haka, mai wuri na tsaye a kanka yana cewa yaushe za'a gama, kuɗin da za'a baka bai kai na kwana uku ba, ga wani aikin na jiranka a Sabon Gari. Duk da haka amana ce. Yarinyar da sunanta da hotonta da adireshin gidansu ke cikin injin nan bata san ka ba, bata kuma zaɓe ka ba, iyayenta makaranta suka yarda da ita, makaranta kuma ta yarda da kai.

Su ma masu makarantu da asibitoci da sauran ma'aikatu ina roƙonsu da girmamawa, iyayenmu ne da yawansu, su daina ɗaukar saba kamar firij da in yana sanyi shikenan. Kowane tsari da ke kanta yana da ranar ƙarewa kuma galibi ana sanar da ita shekaru kafin ta zo, ba'a fafe gora ranar tafiya. Masu Windows Server 2012 tasu ta ƙare tun Oktoban 2023 kuma har yau ina ganinta a ofisoshi. Masu amfani da katangar CSF, wadda ta maye gurbin APF a wurare da yawa, su sani kamfanin Ingila da ke yinta ya rufe a ƙarshen Agustan 2025, ita ma kuma ba ta rpm ake girka ta ba, duk da dai tana zuwa da nata uninstall.sh, to duk mai ita ya zauna da mai kula masa da inji su san inda suka dosa. Sannan tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, wanda ya tara bayanan mutane nauyin tsare su na wuyansa, cewa yaron da ya haɗa mana ya tafi ba zai zama hujja ba ranar da abu ya fita.

Kuma dan Allah in za'a biya mai gyara a sa rubutu cikin aikin, a biya shi kuɗin wannan lokacin, kada a karɓi aiki sai da takardar da ta faɗi me ya girka, daga ina ya samo shi, a ina ya ajiye, wace ƙofa ya buɗe kuma don me, da yadda za'a cire in ta kama. Fasawod ɗin a sa a ambulan a kulle a wurin mai makaranta, ba a durowar da kowa ke buɗewa ba. Malamanmu na kwalejojin fasaha da jami'o'i su ma ina ganin da gyara a wajensu, yaran da ke zuwa min koyon aiki duk sun iya girkawa, amma da wuya ka samu wanda aka taɓa ba shi tsohon injin da wani ya cakuɗa aka ce ya gano me ke ciki ya cire ba tare da ya rushe komai ba, alhali rabin aikin da zai tarar a waje kenan.

Ni dai kafin in bar makarantar nan na sayi littafi mai kauri irin na rijista, na rubuta duk abin da na cire da inda na ajiye kwafinsa, da dokokin sabuwar katangar ɗaya bayan ɗaya da dalilin kowacce, har da kuskuren nan nawa na iptables -F na rubuta shi da kwanan wata. Na buɗe wa sabar hanyar sauke faci, muka yi da Hajiya zan riƙa leƙowa farkon kowane wata, ta kuma yi alƙawarin sabon batirin UPS da an dawo hutu an fara karɓar kuɗin makaranta. A shafin farko na rubuta da manyan baƙi cewa AlmaLinux 8 zata daina samun faci a 2029, a fara shirin barinta tun 2028, na sa Malam Basa ya karanta da bakinsa ya sa hannu a ƙasa, kwalin rijistocin nan kuma mun sauke shi daga kan injin.

Nagode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Wani mai kula da saba, daga Kano